Bikin Silima Na Wagadugu Da Batun Kan Iyaka

Ran 1 ga watan Maris, 2025, aka rufe bikin silima na Afirka da ake kira FESPACO a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, inda Dani Kouyaté, ɗan ƙasar, ya ci babbar kyauta. Wata guda kafin nan, watau ran 29 ga Janairu, Burkina Faso da Mali da Nijar suka kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS. Abin dubawa a nan shi ne, gasar da ta yi suna wajen ɗaukaka finafinan da ba su san kan iyaka ba, yanzu ga sabuwar iyaka ta ratsa ta ƙofar gidanta.

An fara bikin a 1969, aka soma ba da kyauta a 1972. Sunan kyautar Ingarman Yennenga, don tunawa da gimbiyar da Mosawa ke cewa ita ce kakarsu, wadda ta hau doki daga ƙasar da yau take arewacin Ghana. Wanda ya fara cinta kuwa Oumarou Ganda ne, mutumin Nijar.

A 1987 aka ga misali mafi kyau. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya ɗauko littafin Abdoulaye Mamani na Nijar a kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899, ya je Burkina Faso ya shirya fim ɗin, ya kuma ci kyautar. Labarin ƙasar Hausa ne, amma ƙasashe uku ke da hannu a ciki. Haka nan a 2017 Apolline Traoré ta kawo fim a kan mata huɗu da suka bi mota daga Dakar za su Ikko, ana tatsarsu a kowane shinge, alhali tun 1979 aka sa hannu kan yarjejeniyar walwalar jama'a a Afirka ta Yamma. Duk fatake da direbobin da suka taɓa tsayawa a Jibiya ko Birnin Ƙonni sun san ba ƙage ta yi ba.

Amma fa bikin ma yana da nasa shingen, shingen harshen Turawan mulki. Sai a 1989 wani daga ƙasashen da Ingila ta mallaka ya ci kyautar, shi ne Kwaw Ansah na Ghana. Nijeriya, duk da yawan finafinanta, sau ɗaya tak ta samu, a 2007, ta hannun Newton Aduaka. Dalili bai ɓuya ba. Shekaru da yawa babbar gasar ba ta karɓar komai sai fim mai faɗin milimita 35, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin mai sana'ar da ba shi da tallafin Turai. Sai a 2015 aka buɗe ƙofa ga finafinan dijital, lokacin da masu shirya fim a Ikko da Kano sun riga sun kafa kasuwarsu ba tare da Wagadugu ba.

Nan ne maganar ta shafi Arewa. Finafinan Hausa na Kano sun daɗe suna tsallake iyaka ba fasfo, ana kallonsu a Maraɗi da Damagaram da Zangon Kumasi da Garwa, ba a bukatar tafinta. Ko da aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar daga 2023 zuwa Maris 2024, ba su daina shiga wayoyin mutane ba. Duk da haka ba a taɓa ba fim ɗin Kano Ingarman Yennenga ba. Laifin ba na alƙalan gasar kaɗai ba ne. Fim ɗin da aka yi cikin gaggawa, ba ingantaccen sauti, ba fassara a ƙasan allo, da wuya ya tsaya a wannan fage, kuma gyaran nan aiki ne da ya rataya a wuyan masu sana'ar da Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos.