Janareta Mara Mai Da Ƙafar Da Ke "Rage Nauyi": Tsaya Kafin Ka Tura Kuɗi

Ɗan uwa, da wuya ka wuni a TikTok ko Facebook ba ka ci karo da shi ba: an jera maganaɗisu a jikin faifai, an murza, sai ga ƙwan lantarki ya kama. Wai ba fetur, ba batir. Ko kuma ka ga wani ya ɗaga ƙafar ƙarfe mai juyawa da hannu ɗaya, wai juyin ya rage mata nauyi. In ka tambayi inda ƙarfin yake fitowa, sai a ce daga "itha", wani abu da ba a gani da ya cika sararin samaniya.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, maganar ta wuce nishaɗi. Mai shagon cajin waya da mai aski kowa na neman mafita, masu tallan "janareta mara mai" kuma sun san haka.

To, bari mu bi ta tushe. A ƙarni na 19 masana da yawa sun yarda akwai itha, wai a cikinsa haske ke tafiya. A 1887 Michelson da Morley suka gwada a birnin Cleveland na Amurka, ba su ga alamarsa ba. A 1905 Einstein ya nuna ana iya bayanin tafiyar haske ba tare da shi ba.

Batun juyi fa? A 1974 Farfesa Eric Laithwaite na Imperial College a Landan, gwani a injinan lantarki, ya yi lacca yana cewa faifai mai juyawa na saɓa wa dokokin Newton. A 1989 wasu masana biyu a Jami'ar Tohoku ta Japan, Hayasaka da Takeuchi, suka wallafa cewa nasu faifan ya rage 'yan miligiram in ya juya ta ɓangare ɗaya. Ka san me ya biyo baya? A 1990 masana a Amurka da Faransa suka sake gwajin da sikeli mai tsananin daidaito. Nauyi bai ragu ba.

Sirrin kuwa ka san shi tun kana yaro. Katantanwa in tana juyi ba ta faɗuwa, sai dai ta riƙa karkata tana kewaye. Haka ƙafar nan take: juyin ya hana ta murɗe maka wuyan hannu, shi ya sa ɗagawar ke zuwa da sauƙi. Amma hau sikeli da ita ka gani, nauyinta na nan daram.

Shi kuma faifan maganaɗisu, ƙarfin da ka zuba masa kawai yake riƙewa, gogayya na cinye shi har ya tsaya. In ƙwan bai mutu ba, nemi batir ko wayar da aka ɓoye.

Ba laifi ba ne a ƙalubalanci masana, ai Hayasaka ya kawo aikinsa fili aka duba. Abin tambaya shi ne wa ya sake gwadawa ya samu haka.

Don haka in mai talla ya ce ka tura kafin alƙalami, ka ce ya kawo injin shagonka, a buɗe cikinsa, a jona masa firji ya wuni. In ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka, ka tara ka sayi sola.