Wa Zai Gaya wa Malam Cewa isAlive Ta Mutu?

'Yan'uwa ɗalibai, mu 'yan ƙasar Warra da ke karatun ilmin kwamfuta mun daɗe muna haɗiye wata magana, yau kam sai mun amayar da ita. A zangon da ya wuce mun kwana muna kwafar manhaja daga takardun darasi da muka saya da kuɗin guzurinmu, harafi bayan harafi, amma da muka kunna sai na'ura ta ce ba ta san wani abu wai shi isAlive ba. Aka zaftare mana maki, aka ce mu ne ba mu iya ba.

Ga asalin zancen. A harshen Python akwai wani rumbun kayan aiki mai suna threading, wanda ke ba manhaja damar raba aikinta zare-zare, kowane zare na tafiya da nasa, kamar yadda jiragen masunta ke bazuwa a tafkin Kainji da asuba alhali kuwa mashaya ɗaya za su komo. Ita isAlive tambaya ce kurum: zaren nan yana bakin aiki, ko ya gama? An aro tsarin rumbun daga harshen Java, har da salon sunayensa, inda ake manne kalmomi a ɗora babban harafi a tsakiya kamar tozon raƙumi. A 2001 masu Python suka fito da ƙa'idar rubutu da ake kira PEP 8, wadda ta zaɓi ƙananan haruffa da ɗan layi a ƙasa tsakanin kalmomi. A 2008 Python 2.6 ya kawo is_alive da current_thread, aka bar tsofaffin sunayen suna aiki tare da su. Sai a 2020, a Python 3.9, aka cire isAlive ɗungum. A 2021 kuma Python 3.10 ya fara gargaɗi kan currentThread da notifyAll da setDaemon.

Akwai daga cikinmu masu cewa laifin na masu harshen ne, wai me ya kai su taɓa sunan da ke aiki. Ba mu yarda ba. Duk wanda ya taɓa farautar kuskure a tsakanin zaruruwa ya san irin wahalarsa, domin kuwa yau ya bayyana, gobe ya ɓuya, gwargwadon zaren da ya riga wani isa. Mai wannan fama bai kamata a ƙara masa da cankar yadda aka rubuta suna ba. Kuma shekara goma sha biyu aka bayar! Yaron da aka sa firamare a shekarar da is_alive ta fito, ya isa kammala sakandare kafin a binne isAlive.

Mu dai mun san abin da ake nufi da wa'adi. Madatsar Kainji, daga 1964 zuwa 1968 aka gina ta, aka tashi mutum fiye da 40,000 daga garuruwa da gungunan Kwara, aka kafa Sabuwar Bussa kafin ruwa ya ci tsohuwar. Kakanninmu ba su so tashin ba, har yau dattawa na kewar tsohon wuri, amma ba mu taɓa jin direban da ya ɗauki fasinja ya ce zai kai su kasuwar da ke ƙarƙashin ruwa ba. To, abin da takardun nan ke yi mana ke nan, kuma a kan kuɗi.

Ba mu ce malamai su haddace kowane sauyi ba. Mun san yawan ɗalibai da ƙarancin na'urori. Amma gwada manhaja guda kafin a kai ta wurin mai buga takardu ba ya cin minti biyar.

Saboda haka muna kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai, waɗanda muka zaɓa ba don rabon riguna kaɗai ba, su tunkari sashen da buƙatu uku: a rubuta lambar Python da shekarar bugu a bangon kowace takarda, a daina sayar da wadda ba a gwada ba, a kuma sake duba makin duk ɗalibin da isAlive ta kayar.