Sabunta manhaja: wacce za a yi yau, wacce za a jira?

Masu wayar hannu sun kasu gida biyu. Wani da zarar sanarwar sabuntawa ta fito sai ya danna, wani kuma ya kashe ta gaba ɗaya don gudun cin data ko nauyin waya. Dukansu suna wasa da wayoyinsu, domin sabuntawa iri biyu ce.

Ta farko ita ce ta tsaro, mai toshe ƙofar da masu kutse suka gano. Wannan ba ta son jinkiri. A watan Maris na 2017 Microsoft ya fitar da gyaran wata ɓaraka a Windows, amma mutane da yawa suka yi biris. Bayan wata biyu WannaCry ta bi ta wannan ƙofa ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Birtaniya. A 2019 ma an gano ɓaraka a WhatsApp wadda kira kawai ya isa a dasa wa mutum manhajar leƙen asiri, ko bai ɗaga ba. Maganinta sabuntawa ce.

Gaskiya ne gyaran tsaro ma kan zo da matsala. A ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawar kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Sai dai irin wannan ba kullum ba ne, kuma ana gyarawa. Kuɗin da aka kwashe ta manhajar banki kuwa da wuya su dawo.

Ta biyu ita ce babbar sabuntawa, kamar sabon Android ko iOS mai sauya fasalin waya. A nan haƙurin mako ɗaya ko biyu riba ne, musamman ga tsohuwar waya: sai a ga ko wasu sun koka da shan batir ko zafi. Masu Ubuntu sun daɗe da gane haka, shi ya sa duk shekara 2 suke fitar da bugun LTS, wanda ke samun gyaran tsaro na shekara 5 ba tare da an birkita masa tsari ba.

Don haka mai wayar da yake ciniki da ita ya bar sabuntawar tsaro a kunne, ya guji gwajin beta, ya ɗauko manhaja daga Play Store ko App Store kaɗai. Kafin babbar sabuntawa kuwa, ya fara adana hotuna da lambobinsa.