Ludlow: Garin Da Kasuwa Ta Raya

A wannan wata za mu leƙa wani ɗan gari da ake kira Ludlow a yammacin Ingila, daf da iyakar Wales. Mutanensa ba su wuce dubu goma sha ɗaya ba, amma tarihinsa ya fi na birane da yawa.

Bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066, sai wani jarumi mai suna Walter de Lacy ya gina gidan yaƙi na dutse a kan tudu, a gefen kogin Teme, don tsaron iyaka. Inda sojoji suke, nan 'yan tireda ke zuwa, sai kasuwa ta kafu a ƙofar gidan. Daga 1233 aka shiga kewaye garin da ganuwa mai ƙofofi bakwai, wadda a yau ƙofa ɗaya tak ta rage, watau Broad Gate. Arzikin garin kuwa daga gashin tumaki da saƙa ya fito, kuma da kuɗin fataken ulu aka ƙawata majami'ar St Laurence, mai hasumiya ƙafa 135.

A wannan gidan yaƙi ne Yarima Arthur, magajin Sarki Henry na Bakwai, ya rasu a 1502 yana ɗan shekara 15. Ƙanensa ya gaji sarautar ya kuma auri matarsa, kuma rikicin sakinta ne ya raba cocin Ingila da Fafaroma. Daga nan ne kuma wata majalisar sarki ta riƙa mulkin Wales har zuwa 1689. Da aka rushe majalisar, sai gidan ya zama kango.

To, me ya hana garin mutuwa? Kasuwa. Har yanzu tana ci a dandalin ƙofar gidan ran Litinin, Laraba, Jumma'a da Asabar. Jirgin ƙasa ya iso a 1852. Akwai asibiti, da kwaleji, da laburare, da gidan tarihi, da filin sukuwa. Tun 1995 suke yin bikin abinci, inda manoma da mahauta da masu burodi na yankin ke baje kolinsu. Gine-gine kusan 500 ne doka ta hana a taɓa su ba izini, ciki har da masaukin Feathers na 1619.

Amma kada mu ɗauka kome lafiya lau yake. A 1986 an rushe tsohon zauren taron garin da ke tsakiyar kasuwa. A 2013 kuma wani ɓangare na ganuwar ya zube a bayan majami'a, aka yi shekaru ana jayayya kan wanda zai biya kuɗin gyara. Kowa na alfahari da ganuwar, amma da aka zo maganar aljihu sai aka shiga nuna wa juna yatsa.

Abin lura a nan shi ne, tun gini na tsaye ya kamata a san mai alhakin kula da shi, a kuma rubuta. Rigakafi dai ya fi magani. Muna roƙon 'yan'uwanmu malamai su kai yara su ga tsofaffin gine-ginen unguwarsu, su kuma tambayi dattawa wa ke da alhakin gyaransu.

Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya.