Gyaran Gida a Kurmi: A Nemi Takarda Kafin Fenti

'Yan'uwanmu mazauna Sabon Ibadan da Agege da Shagamu, akwai wata al'ada tamu da ya kamata a sake dubawa. Da zarar mutum ya ci riba a cinikin goro ko na shanu, sai ya narkar da ita a gyaran gida, ya shafa fenti, ya kafa ƙyauren ƙarfe mai ado, yana zaton ran da zai koma Arewa zai sayar ya fanshe. Sau da yawa ba ya fanshewa.

Abin da mai saye yake fara tambaya shi ne takarda. Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun Gwamna, kuma cinikinsu ba ya tabbata sai da yardarsa. Gidajenmu da dama kuwa a kan filin aro suke, bisa alkawarin baka tsakanin kakanninmu da masu gari. To, wa zai biya ka kuɗin ado a kan filin da ba ka da shaidarsa?

In takarda ta samu, gyaran da yake ƙara wa gida daraja shi ne wanda zai jure wa daminar Kudu: kwanon da ba ya yoyo, da lambatu, da masai, da rijiya. Ƙaton zaure kuwa mu kaɗai muka san martabarsa. Mai saye ɗakuna yake ƙirgawa, yana lissafin kuɗin hayar da kowanne zai kawo masa a shekara.