Ƙabar ciki: Sa'o'in da ke raba rai da ajali a asibitocin Bauchi

Idan aka ce ƙaba ko gwaiwa, abin da ke zuwa ran mutane shi ne kumburin da ake gani a mara ko a cibiya, wanda likita kan gane da taɓawa kawai. Amma akwai wata ƙaba da ba ta fitowa fili. Hanji ne ke kurɗawa ta wata kafa a tantanin da ke riƙe da shi, ko ya faɗa wani aljihu da aka haifi mutum da shi kusa da farkon ƙaramin hanji, ko ramin da tsohuwar tiyata ta bari, sai ya maƙale. A cikin mutum 100 masu toshewar ƙaramin hanji, da wuya ta zama sanadi ga fiye da shida. Ƙarancinta ne ma ke sa a makara wajen zarginta.

Alamominta ba su bambanta da na kowace toshewar hanji ba: ciki ya riƙa murɗawa, amai ya ƙi tsayawa, ciki ya kumbura, bayan gida da iska su ɗauke. Wasu sun shafe shekaru ciwon na zuwa yana tafiya, ana ba su maganin gyambon ciki. Ranar da kafar ta shaƙe jijiyoyin jini kuwa, cikin sa'o'i kaɗan hanjin kan fara mutuwa. Aikin da da farko zare hanji ne da ɗinke kafa, sai ya koma yanke ɓangaren da ya ruɓe, ga haɗarin guba ta bi jini.

Hoton CT ne ya fi nuna wannan ƙaba. Hoton X-ray na iya nuna toshewa, amma ba ya faɗin dalilinta, shi ya sa sau da yawa sai an buɗe ciki ake gane ta. Hukuncin likitocin tiyata a nan a sarari yake: idan alamu sun nuna hanji ya shaƙe, ba a jiran hoto.

Ga majinyacin da ya taso daga Ningi, Alkaleri ko Toro zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, abin da ya fi na'ura muhimmanci shi ne lokaci. Kwana guda kan tafi a kemis da jiƙe-jiƙe, wani a neman mota, wani kuma 'yan uwa na haɗa kuɗin aiki da na jini. A 2015 kwamitin mujallar Lancet kan tiyata a duniya ya ware ayyuka uku da ya kamata kowa ya iya samu cikin tafiyar sa'a biyu: tiyatar haihuwa, gyaran karayar da ƙashi ya fito, da buɗe ciki na gaggawa. Najeriya ta fitar da nata tsarin tiyata na ƙasa na 2019 zuwa 2023, kuma tun 2014 Dokar Lafiya ta Ƙasa ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Sai dai haramta korar majinyaci ba ya biyan kuɗin iskar oksijin da zaren ɗinki.

A Nuwambar 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan asalin Misau a Jihar Bauchi, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Mataki ne da ya cancanci yabo, amma ɗaya ne cikin ukun. Manomin da hanjinsa ya toshe ba ya cikin wannan sanarwa. Shi ministan ne kuma ya bayyana a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekaru biyar, lamarin da ya fi ƙuntata wa asibitocin ƙananan hukumomi, inda ya kamata a fara gane toshewar, a sa ruwa da robar hanci, a tura majinyaci tun hanjinsa na da rai.

Gwamnatin Bauchi na da ƙananan hukumomi 20 da manyan asibitocinta. Abin da ya kamata majalisar dokokin jihar ta nema a zaman kasafin kuɗi shi ne ƙidayar waɗanda a cikinsu za a iya buɗe ciki da ƙarfe biyun dare, da likita da mai sa barci da jini a ajiye, ba tare da an fara tambayar rasit ba.