Motar da ake cire wa inji ta ƙasa

Yau hankalina ya tafi kan wata irin mota da ba kasafai ake ganinta a titunanmu ba, wato ƙaramar motar gudu mai kujera biyu, wadda injinta ke zaune a tsakiya, tsakanin bayan direba da tayoyin baya. Masu ƙira sun ajiye shi a nan ne domin nauyi ya taru a cibiyar mota, ta riƙa shan kwana ba tare da tangal-tangal ba. Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Daɗin da direba ke ji a kan hanya, mai gyara ne ke biyan kuɗinsa da guminsa.

Mu ɗauki Pontiac Fiero, wadda kamfanin General Motors ya ƙera a Amurka daga 1984 zuwa 1988, wadda kuma har gobe masu sha'awarta ke gyara ta a garejin gidajensu. A motar da muka saba da ita, buɗe bonet ake yi, a sa ƙugiya da sarƙa a zaro inji ta sama. A Fiero kuwa, inji da giyabos da ƙafafun baya duk suna zaune ne a kan wani firam na ƙarfe, wanda manyan kusoshi 4 ke riƙe da shi a jikin mota. Giyabos ɗin ma a haɗe yake cikin kwanso guda da na'urar da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya. Saboda haka hanyar da aka fi bi ita ce a sauke wannan kaya gaba ɗaya a kan katako mai tayoyi, sannan a ɗaga bayan motar sama, kusan mita guda, a janyo shi ta ƙasa.

Kafin a taɓa waɗannan kusoshi akwai doguwar hidima. Za a cire kan batir, a rage matsin fetur a bututunsa, a tsiyaye ruwan inji, wanda yawansa kan ba baƙo mamaki, domin lagireto yana can gaba, bututai ne ke kawo ruwan ta ƙarƙashin mota. Sai a bi wayoyin lantarki, da wayoyin canza giya, da ta totur, da ta birkin hannu, a raba su ɗaya bayan ɗaya. Mai hankali yakan liƙa wa kowace waya takarda mai suna, ya zuba kusoshin kowane sashe a ledarsu daban, ya ɗauki hoto kafin ya kwance. Waya ɗaya da aka manta ta isa ta tsinke a lokacin ɗagawa, ta mayar da aikin kwana biyu na wata guda.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da motar ke tsaye a sama. Kayan da aka sauke ya haura kilo 200, kuma da zarar ya rabu da jiki, ma'aunin motar ya sauya, baya ya yi sakayau, turi kaɗan na iya gusar da ita. Jak aikinsa ɗagawa ne, ba a ba shi amanar riƙewa. Dole a kafa ƙafafun ƙarfe a kan daɓen siminti mai laƙai, a tokare tayoyin gaba, a kuma samu mutum na biyu da idonsa ke kan motar. A nan ne zancen ya zo gida. Sau nawa muke wucewa ta bakin gareji mu ga yaro kwance a ƙarƙashin mota, alhali bulo biyu da tsohon rim ne kawai tsakaninsa da ita? Bulo kan fashe ba tare da sallama ba. Idan ta auku sai a ce tsautsayi, ni kuwa sakaci nake kiransa.

Akwai darasi ga mai saye kuma. A Ferrari F355 ta shekarun 1994 zuwa 1999, sauya bel ɗin taimin kaɗai kan sa a sauke inji. Da kamfanin ya fito da 360 Modena a 1999, sai ya buɗe ƙofa a bayan kujeru domin a kai ga bel ɗin ba tare da wannan wahala ba. Ashe masu ƙira ma sun san ciwon.

Ban hana kowa gyara abinsa a gida ba. Hasali ma ina girmama wanda ya san cikin motarsa. Amma wanda ba shi da kuɗin ƙafafun ƙarfe, bai kai ga kwance kusa ta farko ba tukuna. Ku kuma masu gareji, ku saya wa yaranku abin tokare mota kafin ku tura su ƙarƙashinta. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.